Ruwa Ya Zo, To Me Ya Zo Da Shi?

Duk wanda ya taɓa kwana a Damagaram cikin bazara ya san wannan ƙara. Wajen ƙarfe uku na dare famfo zai fara tari, ya yi huci, ya furzo iska, sannan ya soma ɗiga. Kafin ka wartsake sai ka ji muryar mace daga bayan katanga: "Ya zo! Ku tashi, ya zo!" Nan da nan gida ya kacame da ƙarar bokiti da bido da tukwane, har butar alwala sai an sa ta a layi. Da wannan kira na tashi, ga shi 'ya'yana ma da shi suke tashi.

Ruwan da ke fara zubowa a irin wannan dare na sha riƙa masa fitila ina kallo. Jaja-jaja yake fitowa, da ɗan tsaki-tsaki da ke sauka a gindin bokiti, sai an ɗan jima yake washewa. Ran nan na ce a zubar da bokitin farko. Inna ta dube ni ta ce, "Haba ɗan nan, kwana huɗu muna jiransa ka ce a zubar? A juye a tano, kafin safe ya kwanta." Ban iya yi mata musu ba, don na san abin da ta gani a rayuwarta. Ta yi zamanin da mata ke fita da tulu tun asuba ba su dawo ba sai rana ta take. Wanda ya sha wannan wahala ba ka ce masa ya zubar da ruwa kai tsaye.

Amma maganar ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Ƙishirwa ta yi mana horon da tambaya ɗaya tak muka iya yi a kan ruwa: ya zo ko bai zo ba? A fada, a kasuwar Dole, a gidajen rediyo, a bakin 'yan takara duk lokacin zaɓe, zancen ke nan. Tambaya ta biyu, wato me ke cikin ruwan da ya zo, mun bar ta kamar ta masu hali ce, ta mutanen da suka ƙoshi. Ni a ganina wannan kuskure ne da ke cin 'ya'yanmu a ɓoye, kuma talaka ya fi kowa buƙatar a yi wannan tambaya, don shi ne ba ya da kuɗin sayen ruwan kwalba, shi ne kuma kuɗin asibiti ke karyawa.

Ba na raina matsalar ƙarancin ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune. Duwatsun da ke kewaye da Birni, waɗanda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto, ƙarƙashin ƙasa ma haka suke shimfiɗe, kuma dutse ba ya riƙe ruwa kamar yashi. Rashin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mayar Yamai a 1926. Daga baya aka koma jawo mana ruwa daga nesa: daga Gogo da Macaya a kudu, inda abin ya dogara da yadda damina ta yi, sannan Arunguza da Ganaram a arewa. Gari kuwa sai faɗi yake yi. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 300,000 a birnin, kuma duk wanda ya ga yadda gidaje suka miƙe a hanyar Tanut da hanyar Mirya ya san an wuce nan da nisa. Kullum bakuna sun fi ruwan yawa, dole a yi ta karɓa-karɓa tsakanin unguwanni.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ɗaukewar ruwan ita kanta tana gurɓata shi. Bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi, ko da ya tsage, waje yake fesarwa, ba abin da zai iya shiga. Da zarar an ɗauke ruwa bututu ya zama fanko, sai lamarin ya juya: ya koma yana zuƙo abin da ke kewaye da shi ta kowace tsaga da kowace mahaɗa da ta saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To a garinmu me ke kewaye da bututu? Kwata, ruwan wanka da na wanke-wanke da ake kwararowa a rariya, fitsarin dabbobi, da ƙasar da ke maƙwabtaka da salga. Tarin nan da famfo ke yi da dare iska ce da ta cika bututu take fita, kuma inda iska ta sami hanya, ƙazanta ma ta samu.

Na ga wannan da idona a layinmu. Wani mai gyaran famfo ya ja wa maƙwabcinmu tiyo daga babban bututu, don ya rage tsawo sai ya bi da shi ta cikin kwata. Da tiyon ya huje, aka naɗe wurin da tsinken robar taya aka ɗaure tam. Ranar da akwai ruwa za ka ga ɗan kumfa yana tasowa daga cikin baƙin ruwan kwatar. Ranar da babu, kumfar ta ɗauke, wurin ya yi tsit. Yara na wasa a gefe, awaki na ratsawa, ba wanda abin ya dama, alhali a wannan shirun ne kwata ke shiga tiyo. Na yi wa maigidan magana, ya ce, "Mushe, ai ruwan fari yake zuwa." Gaskiya ya faɗa, fari yake zuwa. A nan matsalar take.

Mu mutane ne da muka yarda da ido da hanci da harshe. A zauren malam aka koya mana cewa ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canja ba. Wannan hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram a muhallinsa. Kuskurenmu shi ne mun ɗauko ma'aunin alwala mun mai da shi ma'aunin lafiyar ciki. Ƙwayar cutar kwalara ba ta da launi. Ta taifot ba ta da wari. Kofin ruwa na iya zama garau kamar hawaye, ka yi alwala da shi sallarka ta inganta, amma ka ba yaro ya sha ya kwana yana zawo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta tsaya ga gani ba. Ƙa'idarta ita ce a ɗebi mililita 100 na ruwan sha a auna, kada a sami ko ɗaya daga ƙwayar da ake kira E. coli, wadda samunta ke nuna cewa bayan gida ya sadu da ruwan. Mililita 100 bai kai cikin moɗa ba.

Wanda yake ganin wannan zancen 'yan boko ne, ya tambayi mutanen Tibiri ta Gobir, nan kusa da Maraɗi. A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa musu rijiya mai zurfi aka ja famfo, gari ya yi murna, an huta da guga. Ruwa fari tas, ba wari, ba ɗaci. Kusan shekara 15 ana sha. A hankali aka fara ganin haƙoran yara suna rinewa suna zama ja, ƙafafu suna lanƙwashewa, wasu gwame wasu ƙafar baka, wasu yaran ba sa iya miƙewa sai da sanda. Iyaye suka yi ta yawon neman magani, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Ashe sinadarin fulor ne, wanda ke narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya shiga ruwa. Ƙa'idar lafiya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya, na Tibiri kuwa ya ninka haka fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka nakasa, kuma ƙashin da ya tanƙware a yarinta ba ya komawa daidai don an sauya rijiya. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ANDDH, tare da ta duniya, FIDH, sun bi diddigin lamarin har aka fitar da rahoto a 2002. Waɗannan yara yau magidanta ne da matan aure, suna nan da ransu, suna ɗauke da shaidar abin a jikinsu.

Duk lokacin da na tuna Tibiri, abin da ke ƙona mini rai shi ne arhar abin da zai hana aukuwarsa. Kwalba ɗaya ta ruwa, awo ɗaya, da mutum ɗaya da zai fito ya gaya wa jama'a sakamakon tun shekarar farko. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yanzu dubi yadda foraj, wato rijiyar burtsatse, ke tsirowa a jihar nan kamar ciyawar damina. Attajiri ya haƙa don sadaka, ƙungiya ta haƙa ta ɗora shato da faifan sola, ɗan kasuwa ya haƙa yana sayar wa 'yan garuwa. Allah ya saka wa masu sadaka da alheri, sun share hawaye da yawa. Amma ranar buɗewa ana yanka rago, ana kabbara, ana ɗaukar hoto, ni dai ban taɓa halartar wadda aka ɗaga takardar awon ruwan aka karanta wa jama'a ba. A ƙananan garuruwa da ƙauyuka abin ya fi ban tsoro, don rijiya ɗaya ce kowa ke sha daga haihuwa har girma. In akwai wani abu a cikinta, gari ɗungurungum ne ke sha.

Akwai kuma nitirat, wanda shi ba daga dutse yake zuwa ba, daga gare mu yake. Salga da turken dabbobi da juji da taki su ke tsiyayar da shi cikin ƙasa, ya gangara ga rijiyoyin da ba su da zurfi. A tsofaffin unguwanni inda gida ke manne da gida, sau da yawa tsakanin rijiyar wani da salgar maƙwabcinsa bai wuce taku kaɗan ba. Iyakar da aka sa masa miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi yi wa illa, don yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Ga shi kuma al'adarmu ta ɗura wa jariri ruwa tun yana ɗanye, wai kada ƙishirwa ta kama shi. Ungozomomin asibiti sun gaji da faɗa cewa nonon uwa ya wadatar har wata shida. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan.

A nan ya kamata a warware wani ruɗani. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, wannan tabbas ne. Amma ba ya fitar da fulor, ba ya fitar da nitirat, hasali ma in ruwa ya daɗe yana ƙonewa a wuta ƙaruwa suke yi a abin da ya rage. Alam da 'ya'yan zogale da ake dakawa a zuba suna kwantar da laka ruwa ya washe, amma washewa daban, mutuwar ƙwayar cuta daban. Kowace cuta da maganinta, kuma ba ka sanin maganin da za ka yi sai ka san abin da ke cikin ruwanka. Ka ga mun sake dawowa kan awo.

Bara waccan, ƙarshen bazara, ƙaramar 'yata ta kwana biyu tana zawo da amai. Idanunta suka faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Muka kai ta asibitin unguwa da dare. Majo na ɗaura mata ƙarin ruwa ya tambaye ni, "Wane ruwa kuke sha a gida?" Na ce na famfo. Ya ce, "Yaushe rabon famfonku da ruwa?" Na ce kwana shida. Ya ce, "To Malam, ba na famfo kuke sha ba ke nan." Na yi shiru, don gaskiya ce. Kwana shidan nan abin da muke sha ya bi ta hannun ɗan garuwa, ya shiga bido, ya shiga tano, ya shiga randa, ya bi ta moɗar da kowa ke tsomawa, sannan ya isa bakin yarinya. Allah ya tashi kafaɗunta bayan kwana uku. A gadon da ke kusa da namu akwai wata baiwar Allah daga ƙauye da ɗanta, sun iso a makare. Ban manta kukanta ba.

Tun daga lokacin na fara kallon hanyar da ruwa ke bi a cikin gidana, kuma abin da na gani laifinmu ne, ba na kowa ba. Kamfanin ruwa na zuba sinadarin kulor kafin ya turo, shi ne ɗan warin jabel da wasu ke ƙorafi a kai har su ce an sa wa ruwa magani. Wannan wari kariya ce. Ana so ɗan kaɗan ya rage a ruwan har ya iso bakin famfo, kamar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, don ya ci gaba da kashe abin da ya shiga a hanya. Sai dai kulor ba ya zama. A buɗaɗɗen tano, cikin zafin Damagaram, kwana ɗaya ko biyu ya gudu. Daga nan ruwan ba shi da mai tsaro. Yaro ya fito daga bayan gida ya ɗauki moɗa ya zurma hannu har wuyan hannu cikin randa. Moɗar ta faɗi ƙasa, a ɗauka a kakkaɓe a mayar. Randar kuwa ba a wanke ta sai ta ƙafe ƙaf, ita kuma ba a barin ta ta ƙafe don tsoron gobe. Ka shafa cikinta da yatsa ka ji santsi. Wannan santsin gidan ƙwayoyin cuta ne.

Na zauna da ɗan garuwan da ke kawo mana ruwa, mutumin kirki ne daga wajen Magarya, shekara da shekaru yana tura kura a unguwarmu. Na karɓi bido ɗaya na haska cikinsa da fitilar salula. Gansakuka kore shar a gindi da kusurwoyi, inda hannu ba ya kaiwa. Bidon asalinsa na man girki ne, murfin ya ɓata an toshe bakin da leda. Na ce, "Malam, yaushe rabon da a wanke waɗannan?" Ya ce, "Maigida, da wane ruwan? Wanda na yi layin awa uku na samu, shi zan zubar a wanki? Kai kanka in na ce bido ya ƙaru da dala biyu saboda sabulu, gobe wani za ka kira." Ba ni da amsa. A ranar dala hamsin na sayi bido guda, ina ta ƙunƙuni. Mutumin nan bai taɓa samun wanda ya kira shi ya nuna masa yadda ake wanke bido da tsakuwa da ɗan jabel ba. Ba wanda ya taɓa ba shi ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs ya ce jefa wannan a kowane bido. Alhali a watannin zafi shi da 'yan'uwansa su ne bututun gaskiya na rabin garin nan. In famfon unguwa ya ƙafe, wa ya san inda kowane ɗayansu ke ɗebowa? Wani foraj, wani rijiya, wanda ya matsu kuma tafki na nan.

Haka ruwan leda. Mun ɗauka duk abin da aka liƙe da inji aka buga wa suna tsarkakakke ne. Akwai masu yi da gaskiya, da matatai da takardun izini. Akwai kuma wanda ɗaki guda ne a bayan gida da inji da tiyo. Leda ba ta tsarkake ruwa, abin da aka ɗura mata shi take riƙewa, sannan a jibge a rana a bayan a-kori-kura, mu kuma mu sa haƙori mu fasa kusurwar da ta bi ta hannu goma.

Idan aka yi sakaci da waɗannan ƙananan abubuwa, ga inda suke kaiwa. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe sama da 150, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2017 ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a Difa ta hanyar gurɓataccen ruwa, mata masu ciki ya fi kashewa. Damina kuma na ƙara tsananta abin. Ruwan saman da ya rushe tsohon masallacin Birni a watan Satumba na 2024, shi ne ya cika salgogi ya tumbatsa su cikin lunguna, ya kwanta a kan bututu da bakin rijiyoyi. Masallaci kowa ya gani ya yi jimami. Abin da ya gangara cikin rijiyoyi ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini. Wasu za su ce a bari a samu ruwan tukuna, sannan a yi zancen kyansa. Na riga na nuna cewa abu ɗaya ne: ƙarancin ne ke sa bututu zuƙo ƙazanta, shi ke sa a tara ruwa kwana da kwanaki, shi ke tura mutane tafki. Ba za a gama ɗaya a dawo kan ɗaya ba, kuma yaron da ke sha yau ba zai jira a gama aikin shekara goma ba. Wasu za su ce in aka fito da sakamakon awo za a tayar da hankalin jama'a. Jama'ar da ba a gaya wa komai ba ai ita ce ke rayuwa da jita-jita. Ranar da ruwa ya zo da launi, kafin azahar saƙonnin murya sun cika WhatsApp, kowa da tasa fassarar, har da masu cewa guba aka zuba. Da an saba gaya wa mutane gaskiya a kai a kai, da mai ƙarya bai sami kasuwa ba. Masu cewa kakanninmu sun sha tafki sun rayu kuwa, su tambayi tsofaffin gidansu 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka binne kafin yaye. Masu cewa Allah ke tsarewa, gaskiya ne, babu mai tsarewa sai Shi. Shi ne kuma Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali.

Kada kuma a ce mutanenmu ba sa jin magana. Wanda ya haura shekara arba'in ya san kurkunu. A ƙauyukan ƙasar Mirya damina na faɗuwa za ka ga majiya ƙarfi kwance a zaure, tsutsa na fita daga ƙafa ana naɗe ta a tsinke, gona na can ciyawa ta cinye. Da aka tashi kawar da shi, ba allura aka yi ba, ba ƙwaya aka sha ba. An bi gari-gari an gaya wa mutane da harshensu cewa daga ruwan tafki abin yake, an raba ƙyallen tacewa, an hana mai kurkunu shiga tafki, an sa wakili a kowane ƙauye yana ƙirga masu ciwon. Mata suka riƙe tacewa kamar ibada. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Iyayenmu da ba su taɓa shiga lakwal ba su suka yi wannan aiki, don an girmama hankalinsu an gaya musu gaskiya.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Dokar ruwa ta ƙasa, ta 2010, ta amince cewa samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, kuma a shekarar ta 2010 ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ruwan sha mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne. Haƙƙin da ba ka iya dubawa ko an ba ka shi, rabin haƙƙi ne. Daga farkon 2024 harkar raba ruwa a birane ta bar hannun SEEN, wadda kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi yawa a ciki, ta koma hannun kamfanin ƙasa, NDE. An ce ruwa ya dawo hannunmu, mun yi marhabin. To abin da yake namu muna da ikon sanin halinsa. Ina roƙon kamfanin ruwa da ma'aikatar lafiya da hukumar birni su haɗa kai, kowane wata a ɗebi ruwa a auna, kuma kada a tsaya a tasha inda ruwan ke fita da tsabtarsa. A je ƙarshen bututu, Garin Malam, Kara-Kara, Karkada, a ɗeba a sa'ar farko da ruwa ya dawo bayan ɗaukewa. A ɗeba daga bidon ɗan garuwa da randar gida. Sannan a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Barbarci, unguwa-unguwa, kamar yadda ake karanta farashin hatsi da sanarwar rasuwa. In wata unguwa ta sami matsala a ce, ku tafasa ruwanku kwana uku har mu gyara. Ba abin kunya a ciki.

Ma'aikata ma ba a rasa ba. Jami'ar André Salifou na nan cikin gari da ɗalibai masu karatun kimiyyar ƙasa da sinadarai, suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ga rijiyoyin garinsu. Na'urar gwada kulor 'yar ƙarama ce, ƙwaya ake jefawa a ɗan ruwa a duba launi, wanda ya gama firamare zai iya koya a yini ɗaya. Mai unguwa ko limami ko shugabar mata na iya riƙe ta. Duk foraj da za a sayar da ruwansa ko a shayar da makaranta, a auna fulor da nitirat kafin a buɗe, a liƙa takardar a jikin shato inda kowa zai gani. 'Yan garuwa kuma a daina kallonsu kamar matsala. A yi musu rajista, a ware musu wurin wanke bido kyauta a bakin famfon da suke ɗiba, a ba su ƙwayar tsabtace ruwa. Mu masu saye mu yarda da ƙarin dala ɗaya ko biyu ba tare da ƙunƙuni ba.

A gidana mun sauya abin da za mu iya. Ruwan sha ya bar randa mai faɗin baki ya koma bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi, ba mai tsoma hannu. Randa na nan don sanyi, amma da ludayi mai dogon hannu da ke rataye a ƙusa, kuma duk Juma'a ana juye ta a wanke. Bokitin farko na daren da ruwa ya dawo, mun daidaita da Inna: ba a zubarwa, amma na wanki ne da bayan gida. Ita da kanta yanzu take tsayawa a kai tana cewa jikokinta, "Wannan ba na sha ba ne, ku kai can."

Makarantar da yarana ke zuwa akwai foraj da wani bawan Allah ya haƙa shekara uku da suka wuce, yara sama da ɗari huɗu ke kafa baki a famfonsa kullum. A taron iyayen yara na watan jiya na miƙe na tambaya ko an taɓa auna ruwan. Darakta ya duba takardunsa bai sami komai ba. Wani dattijo ya ce kada mu yi wa mai sadaka butulci. Na ce masa, "Baba, mai sadakar lada yake nema, shi zai fi kowa son ya san abin da yake shayar da yaran nan." Aka yi shawara, aka yarda kowane uba ya kawo dala ashirin. An sayo kwalabe, an tambayi ma'aikatar ruwa ta jiha yadda ake ɗiba da inda ake kaiwa, kuma ranar Litinin da safe ni da darakta za mu ɗebi ruwan.